Ziyarar Wuraren Tunawa a Abuja da Kewayenta

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Wannan gaskiya ne, amma ba kowace tafiya ce take buɗe ilmi ba. Akwai direbobin da suke ɗaukar masara daga Funtuwa zuwa Kudu, sun wuce gindin Dutsen Zuma ya fi a ƙirga, amma in ka tambaye su labarinsa sai su ce maka dutse ne dai babba. Haka kuma ɗalibi yana iya zuwa Abuja lokacin hutu, ya dawo da hotuna da labarin dogayen benaye, ba tare da ya ƙaru da komai ba. Dalili kuwa shi ne, gini ko kabari ko gunki ba ya magana da wanda ya zo masa hannu rabbana. Sai ka zo da ɗan abin da ka sani, sa'an nan shi kuma ya ƙara maka. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗan yi bayanin wasu wuraren tunawa da ke babban birnin ƙasarmu da kewayensa, domin amfanin ɗalibai da iyaye da malaman da za su shirya irin wannan ziyara.

Wurin tunawa shi ne duk inda jama'a suka keɓe don kada a manta da wani mutum ko wani al'amari. Yana iya zama kabari, ko gida, ko dandali, ko ma sunan titi. A garuruwanmu na Kafur da Malumfashi mun saba da ajiye tarihi a bakin tsofaffi da kirarin sarakuna da kufan ganuwa. Ita kuwa ƙasa mai harsuna ɗaruruwa kamar Nijeriya, ba ta da tsoho guda da kowa zai je ya tambaya. Shi ya sa take rubuta tarihinta da dutse da siminti, ta ajiye a inda kowa zai iya zuwa ya gani.

Daga Gida Zuwa Kaduna

Wanda ya tashi daga wajenmu, in ya bi ta Funtuwa zai faɗa Zariya, daga nan sai Kaduna, mai nisan kilomita kamar 80 daga Zariya. Bai kamata a wuce Kaduna a guje ba, domin ita ce ta zama hedkwatar Arewa tun 1917, kuma darasin da za a ƙarasa a Abuja a nan yake farawa. Akwai Gidan Arewa, inda Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zauna, kuma a nan aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. Yanzu wurin cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai zauren Lugard Hall, inda majalisar Jihar Arewa ta riƙa zama. Akwai kuma 'yar gadar ƙarfe ta Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna. Tana cikin lambun da ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina. Ku riƙe wannan rana ta 15 ga Janairu, domin za mu sake gamuwa da ita a gaba.

Inda Sunan Abuja Ya Samo Asali

Daga Kaduna zuwa Abuja tafiyar kilomita kusan 190 ce. Gab da shiga birnin, hanya takan bi ta gefen Suleja, cikin Jihar Neja. Da yawa sukan wuce ta kamar kowane gari na bakin titi, alhali kuwa ita ce Abuja ta asali, kuma labarinta na maƙwabtanmu ne, Zazzagawa.

A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an kori Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, daga Zariya. Ya yi kudu da jama'arsa har ya sauka wajen Zuba, cikin ƙasar Koro da Gwari. Bai sami zama lafiya ba, yana ta yaƙe-yaƙe har ya rasu a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi. Da yake mutum ne mai hasken fata, sai ake ce masa Abu Ja. Shi ne ya kafa sabon gari a 1828, ya zagaye shi da ganuwa, garin kuma ya ci sunansa. Har yau sarautar garin Sarkin Zazzau ake kiran ta, domin ba su taɓa yarda sun bar gadon kakanninsu ba.

Da gwamnati ta tashi gina sabon babban birni a shekarun 1970, sai ta ɗauki sunan Abuja ta ba shi. Tsohon garin kuma aka sake masa suna Suleja, domin girmama sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Shi wannan sarki ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma ya yi aikin malanta kafin ya hau gadon sarauta. Watau dai duk lokacin da wani a duniya ya ambaci babban birnin Nijeriya, sunan wani Bazazzagi ɗan gudun hijira yake kira, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan shi ne wurin tunawa na farko, kuma ba a gina shi da ko bulo ɗaya ba.

Dutsen Zuma da Ladi Kwali

Kaɗan gaba da Suleja, a wajen Madalla, sai ga Dutsen Zuma ya tare ido. Dutse ne guda curi, ya tashi sama da ƙasar da ke kewaye da shi da mita kamar 300. A jikinsa akwai wasu ramuka da zane-zane da suka yi kama da idanu da hanci da bakin mutum. Malaman ilmin ƙasa sun bayyana cewa ruwan sama da iska da zafin rana ne suka sassaƙa su a hankali cikin dubban shekaru. Mutanen wurin sun riƙa girmama dutsen, kuma sun fake a kewayensa a zamanin yaƙe-yaƙe. Hotonsa ne aka buga a bayan takardar naira ɗari da aka fitar a 1999.

Tun da mun ambaci kuɗi, ku ciro naira ashirin ku duba bayanta. Matar nan da ke zaune tana gina tukunya, ita ce Ladi Kwali. An haife ta a ƙauyen Kwali, wanda yanzu yake cikin yankin babban birni, kuma a gida ta koyi ginin tukwane irin na matan Gwari. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja. Ta haɗa zanen gargajiya na kifi da kada da ƙadangare da kunama da sabuwar hanyar gashi mai sa tukunya ƙyalli. Ta je Ingila da Amurka ta nuna gwanintarta, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a 1984. Makarantar tana Suleja, an kuma sa mata sunanta. Ɗalibin da yake raina aikin hannu, ko yake jin kunyar sana'ar uwarsa, ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani.

Dalilin Gina Sabon Birni

Ku juya naira ashirin ɗin nan, za ku ga Janar Murtala Muhammed. A 1975 ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya duba ko Legas ta dace ta ci gaba da zama babban birni. Legas ta cika ta batse, ruwa ya hana ta faɗaɗa, tana can gefe guda a bakin teku, ga shi kuma ita ce hedkwatar jiha da ta tarayya gaba ɗaya. Bayan haka ƙasar ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba, ana neman wuri a tsakiya wanda babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, aka kafa dokar da ta yanke yankin daga ƙasashen da a wancan lokaci suke cikin jihohin Neja da Filato da Kwara. Kwana goma bayan haka, ranar 13 ga Fabrairu, aka harbe Murtala a Legas. Bai ga ko harsashin ginin ba. Sai ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, gwamnati ta tare a Abuja.

Wanda ya san wannan zai karanta titunan birnin kamar littafi. Ga titin Ahmadu Bello, ga na Herbert Macaulay, ga na Aminu Kano, ga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ga babbar hanyar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke kai mutum can. Mutanen da wasunsu suka yi hamayya mai zafi da juna suna raye, yau sunayensu suna haɗuwa a mararraba. Aiki ne mai kyau malami ya sa kowane ɗalibi ya rubuta sunayen tituna goma, in an dawo ya binciko ko su wane ne.

Kabarin Sojan da Ba a San Sunansa Ba

A gindin Dutsen Aso, mai tsawon mita kamar 400, aka jera rassan mulki uku: fadar Shugaban Ƙasa, da Majalisar Dokoki ta Ƙasa mai koren tulluwa, da Kotun Ƙoli. Abin da muke koyarwa a aji game da masu yin doka da masu zartar da ita da masu fassara ta, ga shi nan a fili, gani ya kori ji. Kusa da nan akwai dandalin Eagle Square, inda aka rantsar da shugaban farar hula ranar 29 ga Mayu, 1999, bayan shekara goma sha biyar da 'yan watanni na mulkin soja.

Amma wurin da ya fi cancanta a tsaya a natsu shi ne kabarin sojan da ba a san sunansa ba, wanda yake fuskantar Majalisa. Me ya sa za a gina wa wanda ba a sani ba kabari? Al'adar ta faro ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. An kashe mutane da yawa ƙwarai, har dubban iyaye ba su sami ko gawar 'ya'yansu ba. Sai a ranar 11 ga Nuwamba, 1920, Ingila da Faransa kowace ta karrama gawar soja guda wanda ba a gane shi ba, domin duk uwar da ɗanta bai dawo ba ta iya tsayawa a wurin ta ce wataƙila nawa ne. Rashin sunan shi ne ya sa ya zama na kowa.

Mu ma muna da irin waɗannan iyaye. Samarin ƙasar Hausa sun yi yaƙi a Habasha da Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga watan Yuli 1967 zuwa Janairu 1970 kuma aka yi yaƙin basasa, 'yan ƙasa ɗaya suka fuskanci juna. Bayan sojojin da suka faɗi ta kowane ɓangare, yunwa ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a Gabas, mafi yawansu ƙananan yara. Daga baya sojojinmu sun je kwantar da tarzoma a Laberiya da Saliyo, wasu kuma sun rasu a Arewa maso Gabas da dazuzzukan jiharmu. Ƙauyukanmu na manoma sun ba da 'ya'yansu a duk waɗannan, Musulmi da Kirista da Maguzawa, kuma harsashi bai tambayi kowa addininsa ba.

A da, ranar 11 ga Nuwamba ake tunawa da 'yan mazan jiya, kamar sauran ƙasashe renon Ingila. Daga baya Nijeriya ta mayar da ranar zuwa 15 ga Janairu, domin a ranar ce a 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa. Kun tuna a rana irin wannan ce, shekara huɗu kafin nan, aka yi juyin mulkin da ya ci ran Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu shugabanni da hafsoshi. Ke nan rana guda ta haɗa farkon fitina da ƙarshenta. Kowace shekara shugabanni sukan ajiye furanni a wurin, a harba bindiga, a yi shiru na ɗan lokaci, a saki fararen tantabaru. Ɗalibin da ya tsaya a nan ya kamata ya gane cewa haɗin kan da muke rerawa a taron safe ba kyauta aka same shi ba. Kuma duk wanda ya zo muku da maganar a tashi a far wa wasu saboda harshe ko addini, ku tambaye shi ko ya san abin da aka biya a karon farko.

Masallaci, Majami'a da Cibiyar Tafida

A tsakiyar birnin akwai gine-gine biyu da ake hangowa daga nesa. Ɗaya Masallacin Ƙasa ne, mai tulluwa ruwan zinariya da hasumiya huɗu, wanda aka gina a 1984. Ɗayan kuwa Cibiyar Kirista ta Ƙasa ce, mai dogon tsini da tagogin gilashi masu launi, wadda aikinta ya daɗe yana tsayawa kafin a kammala a 2005. Ba ta wata ɗarika guda ba ce, ta dukan masu bi ce. Wanda ya tsaya a harabar ɗaya zai hangi ɗayan. Mu da muke noma gona kusa da gona, muke cin kasuwa ɗaya, muke zuwa suna da jana'izar juna, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Muna ba da shawara ɗalibai su ziyarci duka biyun, da sutura ta kamala, a nemi izini, a kuma kauce wa lokacin salla ko sujada.

'Yan Jihar Katsina kuma kada su bar Abuja ba su leƙa Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa ba. Tafidan Katsina shi ne mataimaki a gwamnatin sojan da ta miƙa mulki ga farar hula ranar 1 ga Oktoba, 1979. An ɗaure shi a 1995, ya kuma rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba 1997. A cibiyar akwai ɗakin karatu da zauren da aka baje hotuna da kayan tarihin rayuwarsa.

Masu Ƙasa

Akwai wasu da ba za ku ga an gina musu dogon gini ba, amma bai kamata a manta da su ba. Abuja ba daji ba ce da babu kowa. Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da wasunsu, suna zaune a nan suna noman doya da dawa tun kaka da kakanni. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da Jabi, waɗanda yau unguwannin manya ne, sunayen ƙauyukansu ne. An tashi wasu, kamar mutanen Wuse da aka mayar Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna. Wasu an bar su birni ya cinye gonakinsu, kuma maganar diyya da matsuguni ta daɗe tana tashi. Ɗan manomi ya fi kowa sanin zafin rabuwa da gonar gado. In kun ga mace Bagwariya ɗauke da kaya a kafaɗa a bakin titi, ku gaishe ta da ladabi, domin a ƙasar kakanninta kuke yawo.

Wuraren Shaƙatawa

Ba a yini ana darasi. A Maitama akwai lambun Millennium Park, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba 2003, wuri ne mai ciyawa da inuwa inda za a shimfiɗa tabarma a ci guzuri. Kusa da Dutsen Aso akwai lambun yara da gidan namun daji. Akwai tafkin Jabi. Ta wajen Bwari akwai madatsar ruwan Usuma, wadda take shayar da birnin, da ƙauyen Ushafa na magina tukwane, inda Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a shekara ta 2000.

Wanda yake da yini guda na ƙari, sai ya bi hanyar Minna daga Suleja ya ga inda kogin Gurara yake zubowa daga kan duwatsu, tsawon mita kamar 30. Da damina ruwan yakan cika ya yi ruri, yana da ban sha'awa amma yana da haɗari, duwatsun kuma suna da santsi. Da rani yakan ja baya ya lafa. Ko yaushe ne dai, kada ɗalibi ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba, ko da ya iya iyo a rafin garinsu.

Shirin Tafiya

A wajenmu dogon hutu yakan faɗo tsakiyar aikin gona, lokacin da iyaye suke bukatar hannu, kuɗi kuma ya tafi ga taki. Hutun Disamba ya fi sauƙi, an yi girbi, an sayar da masara da auduga, sai dai hazo yakan rufe duwatsu. Kowace makaranta sai ta auna ta zaɓa.

Kafin a tashi, a sami yardar iyaye a rubuce. A aika da takardar neman izini zuwa wuraren gwamnati tun da wuri, domin yankin fadar Shugaban Ƙasa da Majalisa jami'an tsaro ne ke gadinsa, ba a shiga ko ɗaukar hoto sai da izini. A binciki halin da hanya take ciki daga wurin hukuma, a yi tafiya da rana kawai. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, wanda ya fara aiki a 2016. Kowane ɗalibi ya sa kayan makaranta, ya riƙe katin shaida da littafin rubutu. A raba wuraren tun a aji, kowane rukuni ya karanta labarin wuri guda, in an isa su ne za su yi wa 'yan'uwansu bayani. A kabari ko wurin ibada a rage murya, ba a ciye-ciye, ba a rubuta suna a bango.

Daga ƙarshe, wanda bai sami halin zuwa Abuja bana ba, kada ya ce ba shi da rabo. Tsohuwar Kwalejin Katsina da hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu ta Daura duk suna cikin jiharmu. Kusa da haka ma, a garuruwanmu akwai sauran tsofaffin sojoji da matan da mazansu ba su dawo ba. Ku je ku gaishe su lokacin hutu, ku zauna, ku tambaye su, ku rubuta sunaye da shekaru da wuraren da suka faɗa muku, ku kawo wa ƙungiyar tarihi ta makaranta. Sojan da ke Abuja ba a san sunansa ba, amma na ƙauyenku akwai wanda ya san shi har yanzu, kuma ba kullum zai kasance yana nan ba. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu cikin salama.